Gwangwanin da Ba a Shafa wa Mai

"Ni dai a sanina mala'iku ba sa cin abinci," in ji Yaya. "Ko a jami'ar taku an koya muku cewa suna ci?"

Dogo mai kula da tanderu ya ƙyalƙyale da dariya. Tun ranar da gidan burodin ya koma hannun Yaya, duk abin da ya faɗa dariya yake ba Dogo. Ni ban ɗago ba. Ƙwai nake fasawa, kuma aikin ba ya son a kalli wani wuri.

Sunan kek ɗin ke nan, kek ɗin mala'iku, ba ni na raɗa masa ba. Farin ƙwai ne zalla, da sukari, da 'yar fulawa. Babu gwaiduwa, babu bota, babu ko ɗigon mai. Wata nas ce daga asibitin da ke ƙarshen layinmu ta zo nema. An yi wa mahaifiyarta aiki a ciki, likita ya hana ta duk wani abu mai maiƙo, ga shi yau za a sallame ta, kuma tsohuwar tun tana kwance ba ta da magana sai ta kek. Nas ɗin ta zaga shaguna, kowa ya ce mata kek babu bota ai ba kek ba ne. Yaya ma haka ya fara cewa. Ni ce daga ƙofar ciki na ce zan iya. Sai da na maimaita kafin suka ji, don haka muryata take, ba ta nisa. Nas ɗin ta ce za ta biyo yau da la'asar in ta tashi daga aiki.

A ƙarshen dogon tebur Baba yana zaune a kujerarsa, gwangwanayen burodi a jere a gabansa. Shi ya kafa wurin nan tun ba a haife mu ba. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun yana nan a kan cinyarsa kamar na aro, bakinsa ya ɗan karkace, magana da ƙyar take fita. Aiki ɗaya ya rage masa, shafa wa gwangwani mai. Yakan tokare gwangwanin da ƙirjinsa a bakin tebur, ya tsoma buroshi a kwanon mai, ya bi kowace kusurwa. Babu wanda ya kai shi. Shafarsa ba ta kwanciya, ba ta ƙyalli, sai ka goga yatsa kafin ka san an yi. Doka ce a wurinsa tun muna yara: gwangwani ba ya shiga wuta a bushe. Ya taɓa korar ma'aikaci a kan haka.

Kwanakin baya ya miƙe zai taya Dogo ɗaukar tire, tiren ya kufce, burodi ya watse a ƙasa, gwangwani mai zafi ya ƙona masa ƙafa. Ran nan Yaya ya tsaya a kansa, a gaban kowa, ya ce, "Baba, wannan ne na ƙarshe. In aka sake samun wata ɓarna, gida za ka zauna." Ni kuwa na san abin da gida yake nufi. Na ga Baba a gida bayan ya fito daga asibiti: falo, labule a sake, talabijin na ta surutu ba mai sauraro, abinci ya huce a gabansa. Sai da ya dawo kujerar nan ya fara cin abinci kamar mutum.

Gwangwanin kek ɗina daban yake, mai zurfi, zagayayye, da bututu a tsakiya. Shi ba a shafa masa komai. Ƙullun kama bango yake yi ya hau, in ya gasu kuma sai a kifa gwangwanin a kan wuyan kwalba, kek ɗin ya huce a rataye, manne da bangon, in ba haka ba nauyinsa ya danne shi. Jiya da yamma na wanke shi da ruwan zafi, na goge da lemon tsami, na ajiye a kan teburina. Na ce wa Yaya, "Don Allah kada a taɓa wannan, ba a sa masa mai." Yana waya. Ya ɗaga min hannu ya ce, "Na ji, Digiri, na ji." Sunan da yake tsokanata da shi ke nan saboda karatuna. Da safe na tarar da shi inda na bar shi.

Kowane ƙwai a ƙaramin kofi nake fara fasa shi, don gwaiduwa ko kan allura ce ta shiga, farin ba zai tashi ba. Da na gama na juye a kwanon injin bugawa, na matsa lemon tsami kaɗan, na kunna. Da farko kumfa ce irin ta sabulu, sannan ta fara fari, ta fara kauri. Na riƙa zuba sukari cokali-cokali har ya yi sheƙi, na ɗaga mabugin, tsininsa ya tsaya ya ɗan sunkuyar da kai. Fulawar na tankaɗe ta har sai da ta koma kamar hoda. Ita ba a bugawa, juyawa ake yi daga ƙasa zuwa sama, a hankali, kada iskar da ke ciki ta fice. Na juye a gwangwanin, na zaga da wuƙa a cikin ƙullun don manyan ramukan iska su fashe, na sa a ƙaramin obin na kek. Baba ya ajiye buroshinsa yana kallona tun daga farko har na rufe ƙofar.

Ta gilashin obin na lura bai hau ba kamar wanda na gwada a gida. Ya taso, amma gefensa ya ja baya daga bango. Na ce a raina ko zafin wutar ne. Da samansa ya yi ja ya tsage, na fitar, na kifa shi a kan kwalba, na juya zan wanke hannu.

Ban ga faɗuwarsa ba, ji na yi. Wani ɗan sauti mai laushi, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma a tebur.

"Innalillahi," in ji Dogo.

Kek ɗin ya zamo gaba ɗaya, ya faɗo a kan kwalbar, ta huda shi, ya rabe biyu yana tururi. Ina kallo yana lotsawa, yana komawa rabinsa. Na ɗauki gwangwanin da tsumma. Cikinsa tas, ko ɓurɓushi bai manne ba. Na goga yatsa a bango. Santsi.

Na kalli Baba. Shi ma ni yake kallo. Na yi sauri na goge yatsan a rigata, amma Yaya ya riga ya shigo. Ya karɓe gwangwanin daga hannuna, ya shafa, ya shinshina.

"Wa ya sa wa wannan mai? Ba ke kika ce ba a sa masa ba?"

Ashe ya ji. Abin da ya fara zo min ke nan. Ya ji sarai.

"Ni ce," na ce. "Na manta na shafa."

"Ke? Ke da kike wanke cokali sau uku?"

Baba ya buga buroshi a tebur, mai ya fantsama. "Ƙarya... take yi." Ya ja numfashi. Duk muka tsaya jira, don in yana fushi kalmomin sun fi maƙale masa. "Ni na shafa. Har... bututun."

Har bututun. Da hannu ɗaya. Na hango shi da asuba yana tokare wannan zagayayyen abu da ƙirji yana zamewa, yana sake tokarewa, yana zura buroshi ta ɗan tsukukun da ke tsakanin bango da bututu.

"Baba, ni ce dai..."

"Rufe min baki!" Ya nuna ni da buroshin. "Ni ba... yaro ba ne... da za a rufa min asiri."

Yaya ya ajiye gwangwanin. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min. "To, shi ke nan. Na faɗa tun ran nan. Dogo, in ka fitar da wannan zubin ka raka Baba gida." Ya miƙa hannu ya zare buroshin daga hannun Baba, ya haɗa da kwanon man, ya ɗora su can saman kabad, yadda ake yi wa yaro da ashana.

"Wa ya kai masa gwangwanin?" na tambaya.

"Me kika ce? Ɗaga murya, Digiri."

"Na ce wa ya kai masa? A teburina na bar shi."

Dogo ya sosa ƙeya, yana kallon tanderu. "Maigida ne ya kwaso su gaba ɗaya da asuba. Ni kuma da Baba ya gama na mayar miki da naki."

"To sai me?" in ji Yaya. "Idonsa bai ga wannan daban yake ba? Bai iya tambaya ba?"

Baba ya jawo sandarsa, ya miƙe a karo na biyu, don na farkon ƙafar ta ƙi. Dogo ya matso zai kama shi, ya ture hannunsa. "Da ƙafata... na zo." Muka bi shi da ido yana jan ƙafa, ya wuce buhunan fulawa, ya wuce kanta, ya fita. Bai tafi gida ba. Ya tsallaka titi, ya zauna a bencin da ke ƙofar shagon mai aski, ya ba mu gefensa.

Yaya ya latsa kek ɗin da yatsa. "Wannan ai ba matsala ba ce. Haɗe shi ki lulluɓe da aisin, kwalliyar nan ta bota mai kauri, ki jera furanni. Wa zai sani?"

"Matar da aka yi wa aiki a ciki?"

"Ɗan aisin ne zai kashe ta? Ta kankare ta ci na ciki."

Na juya masa baya. Na ɗauko wani kiret ɗin ƙwai na dire a tebur, har ɗaya ya tsage.

"Gwaiduwar kuma ki san yadda za ki yi da ita," ya ce yana fita. "Nan ba ɗakin gwaji ba ne."

Na wanke gwangwanin da ruwan da ya kusa sale min hannu. Na sa sabulu, na ɗauraye, na sake sawa. Na naɗe tsumma a jikin cokali na bi bututun, na goge da lemon tsami har sai da yatsana ya riƙa ƙara a jikin ƙarfen. Ina wankewa ina haɗa maganganun da ya kamata in faɗa wa Yaya, masu kyau, masu zafi, waɗanda kullum sai ya fita suke zuwa. Ina jin haushin Dogo da dariyarsa. Ina jin haushin Baba ma. Da ya yi shiru, da yanzu yana kujerarsa. Me zai rage shi in na ɗauki laifin? Ni ai ba inda za a kore ni.

Na sake fasa ƙwai, na sake bugawa, na sake tankaɗe. Wurin juya fulawar ne na sha wahala, don hannuna so yake ya yi duka, aikin kuma lallashi yake so. Sai da na tsaya na dafa tebur na ɗan huta.

Wannan karon ya hau. Ina tsugune a gaban gilashi ina kallonsa yana bin bango har ya leƙo saman gwangwanin. Da na kifa shi a kan kwalba ban matsa ba, na tara hannuwana a ƙarƙashi kamar mai jiran a miƙo mata jariri. Bai motsa ba.

Sai ya huce sarai kafin a taɓa shi, kuma hakan na ɗaukar lokaci. Na yanki gefen wanda ya lalace, na sa a faranti, na tsallaka titi.

Mai aski yana ciki da wani, injinsa na zuzu. Baba bai kalle ni ba. Na zauna a ƙarshen bencin na ajiye farantin a tsakaninmu. Can ya gutsura, ya matsa tsakanin yatsu biyu, ya duba cikinsa, sannan ya kai baki.

"Ya danne," ya ce.

"Eh."

"Amma... ɗanɗanon ya yi." Ya tauna a hankali ta ɓangaren da ke aiki. "Babu mai... ta yaya yake fita?"

"Da wuƙa ake zagaya shi in ya huce. So ake ya manne, Baba. Bangon yake kamawa ya hau."

Ya daɗe yana jinjina kai. Na ga yana juya abin a ransa, irin yadda yake yi da can in an kawo sabuwar fulawa. Sai kuma fuskarsa ta canja.

"Me ya sa... ba ki gaya min ba?"

"Na gaya wa Yaya."

"Ni." Ya buga ƙirjinsa. "Ni ke shafa mai. Ba shi ba. Ina zaune... a wurin... jiya. Kika wuce ni."

Gaskiya ne, yana zaune a wurin. Na wuce ta gabansa da gwangwanin a hannu.

"Duk ta kaina... kuke magana. Likita, da yayanki. Har ke, Auta." Ya tura min farantin. "Je ki. Aikinki... na jira."

Na tsallako ina ganin titin dishi-dishi, wani mai babur ya zage ni, ban ko juya ba.

Na zare gwangwanin daga kwalba, na zaga da siririyar wuƙa a jikin bango, na zaga bututun, na juye. Ya fito da tsayinsa, gefensa launin ƙasa-ƙasa, ba nauyi ko kaɗan. Na kakkaɓe ɓurɓushin. Kwalliyar ma ba ta bota ba ce. Na dafa sukari da ruwa har ya fara yauƙi, na riƙa tsiyaya shi siriri a cikin farin ƙwai injin na bugawa, kwanon ya ɗau zafi, ya dawo ya huce, abin ya zama fari fat mai sheƙi. Na shafe kek ɗin da shi, sama da gefe da cikin ramin tsakiya. Ban daidaita shi sumul ba. Da bayan cokali na riƙa dannawa ina fizgewa, duk inda na fizge sai tsini ya tashi. Na yi su da yawa, fiye da yadda na yi niyya. Na gurza ɓawon lemo a kai, na yanka 'ya'yan inabi biyu-biyu na zagaye ƙasan da su. Duk lokacin da na ɗago, ta taga ina hango farar hular Baba a ƙetaren titi.

Yaya ya shigo ya zagaya teburin, hannu a baya. "Kai! Digiri, ashe dai karatun bai tafi a banza ba. Tsaya in ɗau hoto mu sa a shafin shago." Ya ɗauka ta nan, ya ɗauka ta can, har da cewa in matsa inuwata na shiga.

Da la'asar nas ɗin ta zo da kayan aikinta a jiki, idonta duk gajiya. Da na buɗe kwalin ta rufe baki da hannu.

"Babu mai ko? Kin tabbata?"

"Babu ko ɗigo. Ki yanka da wuƙa mai haƙora, kamar mai zarto. In kika danna zai lotse."

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Yau Mama za ta bar ni in yi barci." Ta rungumi kwalin, ta juya ga Yaya. "Na ga Baba a wurin mai aski, na gaishe shi bai ko amsa sosai ba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau," in ji Yaya da fara'arsa ta masu saye. "Iska yake sha."

Tana fita Dogo ya leƙo ya ce ƙullun burodin yamma ya tashi, yana neman zubowa daga baho. Gwangwanayen suna tule a ƙarshen tebur, an wanke su, a bushe, a gaban kujerar da ba kowa.

"Digiri, hau kujera ki sauko da buroshin nan ki shafa mana," in ji Yaya.

"Ba zan shafa ba."

"Me? Ɗaga mur..."

"Na ce ba zan shafa ba!"

Ni kaina ban san muryar ba. Dogo ya tsaya da wuƙar yankan ƙullu a sama. Wata mata da ke jiran canji a gaban kanta ta leƙo. Na fuskanci Yaya.

"Kai ka kwashi gwangwanin ka kai masa. Na gaya maka, ka ce ka ji, kuma ka ji ɗin, don da bakinka ka maimaita ɗazu. Kai ka yi ɓarnar, shi ka kora. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau, shi ya sa ma ban gani ba. Ka ƙwace masa buroshi a gaban Dogo ka ɗora a saman kabad. Mahaifinka! Ka ce wa mutane iska yake sha!"

"Ke, ki iya bakinki. Ni sa'anki ne?"

"Ba sa'ana ba ne kai. Shi ma ba sa'anka ba ne."

Yaya ya juya ga Dogo. "Kai, zo ka shafa."

"Maigida, in na bar ƙullun nan yanzu tsami zai yi. Hannu biyu gare ni." Ya faɗa yana kallon ma'auni, kuma bai yi dariya ba.

Yaya ya jawo kujerar Baba, ya taka, ya sauko da kwanon da buroshin. Ya tsaya riƙe da su. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Kina tsammani daɗi nake ji? Ranar da ya faɗi kina makaranta. A nan ya faɗi, gaban tanderun nan, kansa kusa da ƙarfe. Ni na ɗauke shi. Kullum ina kanta ina sauraron ƙarar faɗuwa. In ya sake faɗi, ke za ki ɗaga shi?"

"Zan kira ka mu ɗaga shi tare. A gida wa zai ji faɗuwar tasa? Ka manta yadda ya koma a falon nan? Kai da kanka kake dawo da kwanon abincinsa kicin ba a taɓa ba."

Ya kalli kwanon da ke hannunsa. Ƙullun ya leƙo bakin baho ya fara gangarowa, Dogo ya tare shi da gwiwar hannu. Matar da ke gaban kanta ta ce, "Bayin Allah, canjina fa?"

Yaya ya miƙo min kwanon. "Ungo. Je ki kai masa."

"Ba ni na karɓe ba."

Ya harare ni, amma ban sunkuyar da kai ba. Ya yi tsaki, ya wuce, ya sallami matar, ya fita da kwanon mai a hannu ɗaya, buroshi a ɗaya.

Na je taga. Motoci na ta gittawa, ba na jin komai. Yaya ya tsaya a gaban Baba yana magana, Baba na kallon wani wuri. Yaya ya ƙara magana, ya nuna shago da buroshin. Mai aski ya fito da tawul a kafaɗa ya jingina da ƙofa, wanda ake yi wa askin ma ya leƙo da rabin kai. Sai na ga Yaya ya duba hagu da dama, ya durƙusa a gaban bencin, da farar rigar aikinsa, a cikin ƙurar bakin titi. Ya daɗe a haka. Daga baya Baba ya juyo. Ya yi magana mai tsawo, yana tsayawa yana ci gaba, Yaya bai katse shi ba ko sau ɗaya. Sannan Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kama hanyar gida.

Yaya ya dawo da kwanon da buroshin, gwiwar wandonsa duk ƙasa. Ya dire su a tebur.

"Ya ce me?" in ji Dogo.

"Ya ce yau ya tashi daga aiki." Ya share fuska da hannun riga. "Gobe zai zo. Ya ce na yau mu shafa da kanmu, kuma a ajiye masa burodi ɗaya ya duba gindinsa da safe." Ya kalle ni. "Ya ce ke kuma duk gwangwanin da ba ya son mai, ki kawo masa da hannunki ki gaya masa."

Na ɗauko wani tsohon buroshi a aljihun tebur. Yaya ya tsaya a wancan gefen, ni a wannan, kwanon man a tsakaninmu, babu wanda ya zauna a kujerar. Nasa ya cika mai har yana taruwa a kusurwa, nawa kuma ina tsallake wurare. Ni dai har lokacin ban huce ba. Dogo na karɓa yana jefa ƙullu, yana duba cikin kowane gwangwani yana girgiza kai.